Ado da Zane a Sararin Gari: Daga Bangon Soro Zuwa Akwatin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Zane yana ɗaya daga cikin hanyoyin da Bahaushe yake bayyana tunaninsa da matsayinsa ba tare da ya furta kalma ba. Ana ganin sa a jikin ƙwarya da hula da babbar riga da sirdin doki, amma inda ya fi fitowa fili shi ne bangon gida, domin nan ne idon kowa yake sauka. Wannan darasi zai dubi asalin adon bango, da halin da yake ciki a yau, sannan ya nuna yadda za a iya ba shi sabon mazauni a jikin kayan amfanin jama'a, ta la'akari da gari irin Wudil.

2.0 Adon Bango a Gargajiyance

Magina su ne masu wannan fasaha, kuma suna da shugabansu, wato Sarkin Magina. Fitacce a cikinsu shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Hanyoyin adon guda uku ne. Ta farko ita ce a sarrafa ɗanyar ƙasa da hannu, zanen ya fito da tudu a jikin bango. Ta biyu ita ce a karce zanen a kan yaɓe tun bai bushe ba. Ta uku kuwa ita ce shafa launi. Domin kare aikin daga ruwan sama, akan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Yawancin siffofin ba na masu rai ba ne, saboda tasirin addinin Musulunci. Akwai dagi da da'ira da layuka masu sarƙe juna. A ƙarni na 20 magina suka shigo da siffar keke da agogo da jirgin sama, abin da ya nuna cewa fasahar tana tafiya da zamani. Har yanzu ana iya ganin misalanta a Gidan Makama da ke Kano, da tsohon birnin Zariya, da unguwar Birni a Damagaram.

3.0 Halin da Ake Ciki

Shigowar bulo da siminti da kwanon rufi ta rage buƙatar maginin gargajiya, masu koyon zanen kuma suka yi ƙaranci. Sai dai sha'awar ado ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Wudil tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwarta ta shanu da ke ci ranar Juma'a tana tara manyan motoci daga nisa. Duk wanda ya lura da jikin waɗannan motoci zai ga furanni da launuka da karin magana irin "Haƙuri maganin zaman duniya". Masu rubuta allunan shaguna ma magada ne ga wannan fasaha. A ɗaya ɓangaren kuma, bangayen gari da turakun lantarki sun zama matattarar fastocin 'yan siyasa da tallan magunguna.

4.0 Sabon Mazauni

A wasu biranen duniya hukumomi sukan ba mazaunan gari damar yi wa akwatunan ƙarfe na gefen titi zane. Birnin Birisben na ƙasar Ostireliya ya fara irin wannan shiri a 1999, a jikin akwatunan da ke sarrafa fitilun ba da hannu. Dalilin shi ne, mutane sukan ji nauyin ɓata abin da aka ƙawata, musamman idan ɗan unguwarsu ne ya yi aikin.

Idan za a gwada haka a Wudil, akwai katangun da ake kewaye taransifoma da su, da tankunan rijiyoyin burtsatse, da rumfunan tasha. Amma dole a kiyaye sharuɗɗa:

(a) Samun izinin mai kayan, alal misali kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO ko ƙaramar hukuma.
(b) Kada fenti ya rufe alamar haɗari ko lambar akwati ko kafofin shan iska, kuma kada mai zane ya kusanci na'ura mai wuta.
(c) A fifita launi mai haske, domin baƙi yana tara zafin rana.
(d) A zaɓi siffofin da al'umma ta yarda da su, kamar dagi da zanen hula, tare da shawartar masu unguwanni.
(e) A biya mai zane haƙƙinsa, a kuma bar shi ya sa sunansa.

5.0 Kammalawa

Adon bango ya rayu ne saboda an ba shi wuri a tsakiyar jama'a, kuma an biya masu yin sa. Matuƙar aka sake samar masa da waɗannan abubuwa biyu, zanen da ya ƙawata soron kakanni zai iya ƙawata titin jikoki.

Auna Fahimta

1. Bayyana hanyoyi uku na adon bangon Hausawa.
2. Mene ne amfanin makuba?
3. Zagaya unguwarku, ka kawo wurare uku da suka dace da zane, tare da dalilai.