Sifirin iska a motocin aikin gwamnati: Abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa a hanyoyin Adamawa

Duk ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi Adamawa ta mota ya san cewa tafiyar ba a Jimeta take ƙarewa ba. Daga Abuja zuwa Yola, ko an bi ta Jos da Bauchi da Gombe an gangaro Numan, ko an zaga ta Makurɗi da Wukari da Jalingo an ɓullo Mayo Belwa, tafiyar ta haura kilomita 700. Bayan an isa kuma, sai a tsallaka gadar Binuwai a nufi Girei da Song da Gombi da Hong har Mubi, ko a yi kudu zuwa Jada da Ganye. Motar da za ta yi wannan zirga-zirga ɗauke da ma'aikata da kayan aikinsu, lafiyar ƙafafunta ita ce lafiyar mutanen da ke cikinta.

A Turai da Amurka akwai motocin da ake mayarwa gida sukutum, da gado da madafa da banɗaki da tankin ruwa, iyali su shiga su yi makonni suna yawon hutu. Yawancin na Turai a kan ƙashin Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit ake gina su. A Nijeriya ba kasafai ake ganin irinsu don shaƙatawa ba, amma danginsu na nan a bakin aiki: asibitin tafi-da-gidanka, motar ɗaukar marasa lafiya, ɗakin gwaje-gwaje na kan taya, motar watsa shirye-shirye daga fili, da bas ɗin da aka cire wa kujeru aka mayar ofis ko makwancin ayari. Tun bayan da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo Yola, aka buɗe sansanoni irin su Malkohi da Damare da Fufore, aikin agaji da na lafiya a jihar ya ƙara dogara ga motar da ke kai kayan aiki har inda mutane suke.

Matsalar motar gida ta Bature da ta asibitin tafi-da-gidanka iri ɗaya ce, kuma maganin da ake yawan tallatawa shi ne a sanya sifirin iska a bayan motar.

Inda matsalar take

Toyota Hiace da Coaster da Hilux, da ita kanta Sprinter, duk da sifirin ganye suke fitowa a baya, wato faifan ƙarfe da aka jera aka ɗaure a kan aksul. An ƙera shi ne don lodin da ake ɗorawa a sauke: fasinjoji su shiga da safe, su fita da yamma, ƙarfen ya huta. Motar da aka mayar ɗaki kuwa ba ta san hutu ba. Kabad-kabad, firji na allurar rigakafi, janareta, batura, tukwanen iskar numfashi, tankin ruwa da ƙarin tankin mai, duk suna zaune a kanta dare da rana. A hankali ganyen ya miƙe, bayan motar ya zauna, gaba ya ɗaga.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman abin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 200 kilo 200 ne kafin a haɗa nauyin tankin kansa. A ce tsakanin aksul na gaba da na baya mita 3 ne, aka kuma girke tankin mita 1 a bayan aksul na baya. Nauyin da zai sauka a kan tayoyin baya zai kai kilo 267, tayoyin gaba kuma su rasa kilo 67 na nauyin da ke danne su a ƙasa. Tayar gaba ita ke juya mota, ita ce kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Idan ta yi sakayau, sitiyari ya kan yi wasa a hannun direba, fitila ta riƙa haska idon masu tahowa maimakon kwalta, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya kuma ya ƙaru.

Ga kuma tsayi. Rufin da aka ɗaga, da na'urar sanyaya ɗaki da farantan sola da aka ɗora a sama, suna mayar da nauyin motar can bisa. Shi ya sa irin wannan mota ke rangaji a kwana, ta kuma yi tangal-tangal idan tirelar siminti ko tankar mai ta wuce ta da gudu a kan siririyar hanya. A gangaren da ke tsakanin Kaltungo da Cham, ko a wuraren da kwalta ta ɓare gefe guda, wannan rangajin na iya zama sanadin kifewa.

Yadda yake aiki

Dabarar ɗora mota a kan iska ta daɗe. Kamfanin Firestone na Amurka ya fara gwada ta tun shekarun 1930, kuma a 1953 kamfanin General Motors ya fitar da manyan bas-bas na doguwar tafiya masu sifirin iska, waɗanda kamfanin sufuri na Greyhound ya yi amfani da su. A 1957 aka sanya shi a Cadillac Eldorado Brougham. Yau shi ne ke ƙarƙashin yawancin manyan bas-bas na zamani da kawunan tireloli, haka nan Range Rover da manyan Marsandi da hadimai suka saba gani a ayarin iyayen gidansu.

Abin da ake magana a kai wata jaka ce ta roba mai kauri, saƙe da zare mai ƙarfi, wadda makanikai ke kira balan-balan. Ba ita ce jakar da ke fashewa a gaban direba lokacin haɗari ba. Ana zaunar da ita tsakanin aksul da shasi, a hura mata iska. Sifirin ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne ko mota na ɗauke da kaya ko babu. Na iska kuwa ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage gwargwadon lodi, kuma yadda aka ƙara matse shi haka yake ƙara tauri, don haka ba ya saurin kaiwa ƙarshe ya buga shasi idan an faɗa rami.

Iri biyu ne. Akwai na taimako, inda ake barin sifirin ganye a wurinsa a ƙara jaka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai kuma cikakke, inda ake cire na ƙarfen gaba ɗaya, a sa kwamfiresa da tankin iska da na'urar da ke auna tsayin mota tana daidaita shi da kanta. Kamfanoni irin su Air Lift da Firestone a Amurka, VB-Airsuspension a Holan da Goldschmitt a Jamus suna ƙera su daidai da samfurin kowace mota. Jakunkunan taimako da dama na aiki ne tsakanin 5 zuwa 100 a ma'aunin psi, wato gejin da masu faci ke auna taya da shi.

Ga motar da za ta yi aiki nesa da gari, na taimako ya fi kwanciyar hankali, domin ko jaka ta huje, sifirin ganye na nan zai kai motar gida. Na cikakke idan ya saki iska, motar zaunawa take yi a inda take. Masu tsofaffin Range Rover da dama a ƙasar nan sun ɗanɗana wannan, shi ya sa wasu ke cire na iskar su mayar da na ƙarfe.

Idan an sa shi daidai, bayan mota na komawa tsayinsa na asali, tayoyin gaba su sake kama ƙasa, rangaji ya ragu, na'urori masu laushi su daina shan duka, majinyacin da ke kwance a baya kuma ya sami sauƙi. Da yake kayan ciki kan fi nauyi a gefe guda, ana iya ƙara wa wannan gefen iska har motar ta miƙe.

Iyakarsa

Kowace mota na da iyakar nauyin da masana'anta ta yanke mata, gaba ɗaya da kuma na kowane aksul, kuma a rubuce yake a wani ɗan allo da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko kusa da inji. Sifirin taimako ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan wannan adadi; su kansu masu ƙera shi sukan rubuta haka a takardunsu. Birki, tayoyi, boris, aksul da shasi duk suna nan da ƙarfinsu na da.

Haɗarin ma ya kan ƙaru ta wata fuskar. Motar da lodi ya yi wa yawa tana faɗin gaskiya da zaman bayanta, direba ya gani, jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko na VIO shi ma ya gani daga nesa. Da an hura mata iska sai ta miƙe tsaf kamar babu komai, alhali tayoyin na ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola na haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da aka yi wa lodi fiye da lambar da ke jikinta, a irin wannan yanayi, fashewa take jira.

Akwai wani abin da ake yawan mantawa. Tsofaffin motocin kaya da ba su da birkin ABS na da wani bawul a baya da ke gane nauyin lodi ta hanyar yadda bayan mota ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon haka. Idan jakar iska ta ɗaga motar, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage ƙarfin birki a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Dole a sake saita shi bayan an gama aiki. Haka kuma sifirin iska ba ya maye gurbin shokobsoba. Idan ta mutu, motar za ta ci gaba da tsalle ko da jaka nawa aka sa mata.

Abin da yanayin Yola ke buƙata

Jimeta na da makanikai da mawalda masu hannu, kuma waɗanda suka saba da tireloli da manyan bas-bas sun san balan-balan. Sai dai saninsa a tirela dabam, zaunar da shi a kan Hiace ko Sprinter dabam. Kayan da aka ƙera don samfurin motar da ƙusoshi ake ɗaure su a ramukan da ke jikin shasi. Yanka shasi ko yi masa walda don a cusa jakar da aka ciro daga wata mota na raunana ƙarfen a daidai inda nauyi zai taru.

Kowace jaka na buƙatar bututun iskarta dabam. Idan aka haɗa dama da hagu a bututu ɗaya don sauƙin hurawa, to a kwana iska za ta gudu daga gefen da aka danne zuwa ɗaya gefen, motar ta ƙara karkata maimakon ta miƙe. Bututun kuma ya yi nesa da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi.

Zafi na ƙara matsin iska da kusan kashi 3 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10, saboda haka da sassafe ya kamata a auna, kafin a tashi, da lodin da za a yi tafiya da shi. Ba a barin jaka babu iska ko da mota ba ta ɗauke da komai, domin robar za ta naɗe ta goge kanta. Ƙurar hunturu na toshe matatar kwamfiresa. Da damina kuwa danshi na taruwa a tanki da bututu, sai an riƙa tsiyaye shi. A shekarun da Binuwai ya yi ambaliya bayan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022, motocin agaji ruwa da taɓo suke kutsawa, don haka kwamfiresar da aka rataye a ƙasan mota ba za ta yi ƙarko ba. Wurinta cikin mota ne. Gano inda iska ke zurarewa ba ya buƙatar wata na'ura: ruwan sabulu a kan mahaɗar bututu ya wadatar, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar.

Kafin a sa hannu a takarda

Mafi yawan waɗanda ke yanke shawarar sayen irin waɗannan motoci ko gyara su ba su ne ke tuƙa su ba. Jami'in sufuri ne ke rubuta buƙata, sashen saye ya tantance bisa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, hadimi ya kai fayil gaban mai gida. Kalmar “sifirin iska” a cikin takardar ɗan kwangila na iya zama gyara na gaske, tana kuma iya zama mayafin da aka lulluɓe motar da tun farko ta yi wa aikin ƙanƙanta.

Hanyar bambancewa ita ce sikeli. A cika tankin ruwa da na mai, a ɗora dukan kayan aiki, mutanen da za su yi tafiya su shiga, sannan a hau sikelin auna manyan motoci, a auna gaba dabam, baya dabam, a kwatanta da abin da ke jikin allon masana'anta. Idan nauyin bai wuce iyaka ba amma bayan motar na zaune, to sifirin iska na taimako zai yi amfani ƙwarai. Idan ya wuce, sai a rage kaya, ko a matso da masu nauyi irin su batura da tanki zuwa ƙasa tsakanin aksul biyu, ko a nemi motar da ta fi girma.

Ya kamata kuma takardar kwangila ta fayyace sunan kamfanin da ya ƙera kayan da samfurin motar da aka yi su dominta, ta tanadi jaka ɗaya da bututu da mahaɗai na ajiya a cikin mota, sannan a koya wa direba yadda zai auna da yadda zai hura da famfon hannu idan kwamfiresa ta tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jakar da ta huje a tsakanin Hong da Michika ba lallai ne a sami madadinta a kasuwar kayan gyara mafi kusa ba. A sanar da kamfanin inshora canjin da aka yi, a kuma rubuta nauyin da sikeli ya nuna da matsin iskar da ya dace da shi a cikin littafin motar, domin direban da zai karɓe ta gobe ya san iyakar abin da aka damƙa masa.