Ƙofar Sarki Kafin Ƙofar Alƙali

Duk wanda husuma ta haɗa shi da maƙwabcinsa a ƙasar Kornaka, ko a kan iyakar gona, ko jinginar da aka daɗe ba a fansa ba, ko ɓarnar da dabbobi suka yi wa gero kafin a sallami gonaki, in zuciya ta ɗebe shi ya nufi gidan shari'a na Dakoro yana neman a yanke masa hukunci nan take, lalle zai tarar ana tambayarsa abin da bai yi tsammani ba, wato ko ya bi ta wajen sarki. Dalili kuwa, dokar tsarin karkara wadda hukumar Nijar ta kafa ranar 2 ga Maris 1993 ta wajabta cewa irin wannan da'awa ba ta isa gaban alƙali sai sarakunan gargajiya sun jarraba sulhu tukuna. A fara da mai gari, in ta gagara a haura wurin sarkin Kornaka, wanda zai sa a rubuta takarda, ta sulhu in an daidaita, ta rashin sulhu in kowa ya kafe.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tilas a matsayin tauye haƙƙi, alhali abin da aka wajabta shi ne halartar majalisar, ba yarda da abin da aka faɗa a cikinta ba. Sarki mai sasantawa ne. Wanda ya ga an karkata, ko don kusanci da fada ko don ɗayan ya fi shi baki, yana da ikon ya ƙi sa hannu, ya karɓi takardar rashin sulhu, ya wuce Dakoro. Hikimar a bayyane take ga wanda ya san cewa dattawan gari ne ke tuna inda burtali ya bi da itacen da aka shata iyaka da shi, kuma ga wanda bai manta da abin da ya auku a garin Toda cikin 1991 ba, inda husumar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da ɗari. Sai dai ba a ɓoye cewa talaka, da kunya da tsoron idon manya, sau da yawa yakan dangwala yatsa a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Tahkimi kuwa wani babi ne dabam, kuma nan ne hatsarin yake ga fatake da ƴan kasuwa. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta mutum biyu su naɗa wani adali ya hukunta tsakaninsu a sha'anin dukiya, banda haddi da kisa da saki da nasaba, kuma da zarar ya yi hukunci ya lizimce su. Dokar zamani ta bi kusan wannan tafarki: ƙasashen da suka haɗa dokokin cinikinsu a ƙarƙashin OHADA tun 1993, Nijar na cikinsu, sun kafa dokar tahkimi a 1999, suka sabunta ta a 2017. Saboda haka ɗan kasuwar da ke sarin wake ko gyaɗa, in ya sa hannu a yarjejeniyar da wani layi a cikinta ya ce za a kai saɓani ga mahukunta na musamman, to ya rufe wa kansa ƙofar kotu. Ranar da ya kai ƙara, abokin cinikin ya fito da takardar, alƙali zai ce ba huruminsa ba ne, ko da majalisar tahkimin tana Abijan, hukuncinta kuma ba a ɗaukaka shi, sai dai a nemi rushe shi bisa dalilai ƙididdigaggu.

Saura batun wakili. Galibin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, shi ya sa mai hali yakan yi tunanin ɗauko nasa daga Katsina ko Sakkwato, tun da sun fi kusa kuma harshe ɗaya ne. Amma kusancin hanya ba ya ba da izinin tsayawa gaban alƙali. Ƙa'idar da ƙasashe takwas na tarayyar UEMOA suka amince da ita a 2014 ta buɗe wa lauyan Dakar ko Kwatano kotunan Nijar, lauyan Najeriya kuwa ba ya cikin wannan rangwame, ga shi doka dabam, aikin kotu kuma da Faransanci. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya: a 1962, lokacin da aka tuhumi ɗan siyasar Najeriya Awolowo a Ikko, ministan cikin gida Usman Sarki ya hana lauyan da ya ɗauko daga Ingila shiga ƙasar, kotu kuma ta ce haƙƙin zaɓen lauya bai rinjayi ikon hukuma a kan iyakarta ba.