Shin Ko Kun San? Ƙasashen da Talaka Ke Zaman Yanke Hukunci, da Matsayinsa a Kotunan Batsari da Safana

A Ingila ko Amurka, direba ko mai shago yana iya samun wasiƙar kira daga kotu alhali bai yi wa kowa laifi ba. Ana neman sa ne ya shiga cikin masu taimaka wa alƙali, waɗanda za su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Manomin Batsari ko makiyayin Safana ba ya samun irin wannan kira, amma shi ma akwai nauyin shari'a a wuyansa.

Shin ko kun san cewa a Ingila daga rajistar masu jefa ƙuri'a ake tsamo sunayen, babu ruwan kotu da arziki ko ilimi? Ɗan shekara 18 zuwa 75 ake kira, a zaunar da mutum 12, galibi na kwanakin aiki 10. Wanda ya ƙi zuwa babu uzuri ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000.

Shin ko kun san cewa abin da sabon shiga zai fara ji shi ne ya kama bakinsa? Ko da iyalinsa ba zai tattauna shari'ar ba. Tun 2015 kuma, wanda ya shiga intanet yana tonon labarin wanda ake tuhuma zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu. Alƙali ne ke bayyana doka, su kuma su shige ɗaki su kaɗai su auna hujja. Tun 1967 Ingila ke karɓar ra'ayin 10 cikin 12, amma a 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a manyan laifuka sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da laifi.

Shin ko kun san cewa a 1670 an kulle irin waɗannan mutane a Landan babu ci babu sha, saboda sun ƙi kama William Penn da laifin da ake zargin sa a kan wa'azi a bakin titi? Aka ci su tara, ɗayansu Edward Bushel ya ƙi biya ya kai ƙara. Daga shari'arsa aka kafa ƙa'idar cewa ba a hukunta su saboda abin da suka yanke.

Shin ko kun san cewa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, tana da wani abu makamancin wannan? A Maroko akwai shaidar lafifi, inda mutum 12 daga cikin jama'ar gari ke shaida abin da suka sani. A 1999 wani masanin shari'a a Amurka, John Makdisi, ya rubuta cewa mai yiwuwa ta tsibirin Sisili tsarin ya isa Ingila a ƙarni na 12. Ba duk masana tarihi ne suka yarda da shi ba.

Shin ko kun san cewa an taɓa yin tsarin masu taimaka wa alƙali irin na Ingila a Legas zamanin Turawa, aka soke shi a shekarun 1970 lokacin mulkin soja? Gana kuwa tana zaunar da mutum bakwai a shari'ar kisan kai. A Arewa Turawa sun tarar da alƙalai da kotunan sarakuna suna aiki, sai suka bar su ƙarƙashin En'e. A 1960 aka soma aiki da kundin hukunta laifuka na Final Kod, tsakanin 1967 da 1968 kuma aka karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rufe na sarakuna, aka kafa kotunan yanki. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta koma ga kotunan shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Shin ko kun san cewa rigingimu da dama a yankin Batsari da Safana ba sa kaiwa gaban alƙali? Ƙasar Sarkin Ruma, hakimin Batsari, da ta Yariman Katsina, hakimin Safana, duk suna bakin dajin Rugu, inda gona da burtali ke maƙwabtaka. Bisa al'ada, idan shanu suka yi ɓarna, mai unguwa ko dagaci kan tara dattawa da ardo da sarkin noma su taka har gonar, su kimanta asarar, a biya a yafi juna. Matsalar tsaro ta raunana wannan zama a ƙauyuka da yawa, kuma inda ya mutu ƙaramar rigima ba ta daɗewa take zama gaba.

Shin ko kun san cewa a kotun Musulunci shi kansa mai shaida sai an shaide shi? Alƙali na iya neman waɗanda suka san shi su tabbatar adali ne, wato tazkiya. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta ɗa don amfanin mahaifinsa. Kafin a yanke hukunci kuma dole a yi i'izari, a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Tsallake wannan kaɗai kan sa kotun sama ta rushe shari'a.

Shin ko kun san cewa littattafan Malikiyya sun so alƙali ya riƙa zama da malamai yana shawara da su? Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano don shiryar da masu mulki da masu hukunci. A yau ma sashe na 278 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai da alƙalai uku aƙalla Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za ta zauna, sashe na 36 kuma ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Ke nan kowa na iya shiga kotu ya saurara.

Jama'a, alƙali bai san gaibu ba, da abin da aka kawo gabansa yake hukunci. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta yi hani ga ɓoye shaida. Duk wanda aka kira, ya je ya faɗi abin da idonsa ya gani, kada ya ƙara kada ya rage. Hukumomi kuma su kare masu shaida, domin mai tsoron a biyo shi gida da dare ba zai buɗe baki a kotu ba.