Yadda Ake Cinikin Mota a Wurin Dillali



Mu mutanen cikin birni mun tashi mun tarar da ciniki. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 ke nan. Amma cinikin mota ya fi na hula ko takalmi haɗari, domin mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗin, kuma kuskuren yini ɗaya ya isa ya cinye su. Wanda ya san abin da zai saya kafin ya bar gida shi ne yake samun farashi mai kyau.

Me ya sa mota ta yi tsada?

Yawancin motocin da ake sayarwa a Kano tsofaffi ne daga Turai da Amurka. Ana ce musu 'yan Kwatano, saboda a da ta tashar jirgin ruwan Kwatano a Jamhuriyar Benin ake shigo da su da yawa. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 2023 kuma darajar naira ta faɗi sosai, ga shi da dala ake sayo motocin. A shekarar ce aka cire tallafin man fetur, shi ya sa ƙaramar mota mara shan mai take da farin jini, dillalai ba sa saurin rage kuɗinta.

Kafin a fara tayi

Na farko, a zaga. A tambayi kuɗin mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, a wurare uku ko huɗu. Na biyu, a yanke iyakar abin da za a iya biya, a bar shi a ciki, kada a faɗa wa kowa. A ware kuɗin rajista da inshora da canjin baƙin mai. Na uku, a tafi da bakanike amintacce, ba wanda dillali ya kawo ba. Zai saurari injin, ya gwada giya da birki, ya duba ko an sake fenti don a ɓoye haɗari. Idan salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, injin yana ƙona baƙin mai. Duk aibin da ya gano hujja ce ta neman ragi.

Takardu ma a duba su. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, dole ta jikin mota ta zo daidai da ta takardar kwastan. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba ana iya kama ta a hanya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Lokacin ciniki

A fara da gaisuwa, a bar mai mota ya sa suna tukuna. A ce ya ce naira miliyan 6, kai kuma iyakarka miliyan 5. Kada ka fara da miliyan 5, domin ba ka bar wa kanka wurin ƙari ba. Ka taya miliyan 4 da rabi. Zai ce "albarka". Wannan ba kora ba ce, yana nufin ka ƙara. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana faɗin dalili: "Alhaji, tayoyin nan sun suɗe, sai na canja su." Kada ka ji kunyar tayi, da rashin tayi akan bar araha. Kada kuma ka nuna motar ta shiga ranka. Idan kuɗin ya wuce iyakarka, ka yi godiya ka tafi. Sau da yawa sai a kira ka a ce ka dawo.

A tambayi maganar la'ada tun farko: nawa ce, kuma wa zai biya? A kula da wanda zai zo yana ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ka ji tsoro ka ƙara. Musulunci ya hana wannan, kamar yadda ya hana ɓoye aibin kaya. Idan mai mota ya ce "na sallama", a rubuta takardar ciniki da shaidu, a karɓi rasit da dukkan takardu kafin a tafi.

Mu ɗalibai ba mu kai sayen mota ba, amma muna iya karanta wa iyayenmu takardu mu gwada lambar shasi. Allah ya sa mu sayi abin da zai amfane mu, amin.

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida