Haraji, Haya Da Bashi A Sabha: Wace Doka Ce Ta Ce A Biya?

A tsakiyar watan Maris na 2024, shugaban Majalisar Wakilan Libiya, Aguila Saleh, ya rattaba hannu a kan ƙuduri mai lamba 15, wanda ya ɗora harajin kashi 27 cikin ɗari a kan duk dalar da za a saya daga banki. Gwamnan Babban Bankin ƙasar na lokacin, Saddiƙ al-Kabir, shi ya nemi a yi hakan, yana kukan cewa kuɗin waje na zurarewa. Dalar da ake saye a kan dinari 4.85 ko kusa da haka ta koma wajen 6.15, a kasuwar bayan fage kuwa har ta haura dinari 7. Ba a jima ba zafin takardar ya iso Sabha, babban birnin yankin Fezzan, inda Hausawa da yawa daga Nijar da Najeriya ke aikin gini, gona, ɗinki, gyaran mota da ƙananan sana'o'i.

Dalili a fili yake. Libiya ƙasar mai ce, amma yawancin abin da ake ci da wanda ake sawa daga waje ake shigo da su, da dala. Ɗan kasuwar da ya buɗe takardar odar kaya a banki ya biya ƙarin kashi 27 ba zai haɗiye asarar ba. Sai ya ɗora a kan buhun fulawa da katan ɗin taliya da galan ɗin man girki, sannan kayan su yi tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tarabulus, direba ma ya ɗora nasa. Leburan da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya biya harajin a wajen mai shago, ya sake biya ranar da zai aika kuɗi gida, don dinarin da ya tara ya rage daraja a gaban sefa da naira.

Ba a bar maganar ta wuce salin-alin ba. Mataimakin shugaban majalisar na farko, Fawzi al-Nuwairi, ya fito ya ce ƙudurin bai inganta ba, wasu 'yan majalisa kuma suka nemi a janye shi. Hujjarsu ita ce haraji ba ya hawa kan jama'a sai da doka, doka kuma majalisa ce ke zama ta yi ta, ba sa hannun mutum ɗaya ba ko da shi ne shugaba. Aka garzaya kotu. Kotunan ɗaukaka ƙara a Tarabulus da Misrata suka ba da umarnin a dakatar da karɓar kuɗin, amma bankuna suka ci gaba da karɓa. Sai bayan rikicin da ya yi awon gaba da kujerar al-Kabir, Naji Isa ya gaje shi, aka rage harajin zuwa kashi 20 a watan Oktoba, sannan kashi 15 a Nuwamba. Murna ba ta daɗe ba: a Afrilun 2025 Babban Banki ya karya darajar dinari da kashi 13.3, dala ta koma 5.57 a hukumance tun kafin a ɗora mata haraji.

'Yan Najeriya za su tuna irin wannan a watan Mayun 2024, lokacin da Babban Bankinsu ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa, da sunan harajin tsaron intanet. Majalisar Wakilai ta ce a janye, jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar. A duka wuraren biyu tambayar da ta tayar da ƙura ɗaya ce: wa ya ba da ikon karɓar wannan kuɗi, kuma a ƙarƙashin wace doka? Mazaunin Sabha yana buƙatar wannan tambaya fiye da kowa, don akasarin abin da ke cin aljihunsa babu majalisar da ta taɓa zama a kansa.

Kuɗin da babu rasiɗi

A ɗauki man fetur. Farashinsa a hukumance dirhami 150 ne lita ɗaya, wato dinari 0.15, yana cikin mafi araha a duniya. A Sabha kuwa gidan mai kan yi kwanaki a rufe, yayin da jarkoki ke jere a bakin titi ana sayarwa a ninkin-ba-ninkin. Man da aka turo wa kudu yana sulalewa ta kan iyaka zuwa Nijar da Chadi, ko ya faɗa hannun 'yan bumburutu. Wannan na cikin abin da ya fusata mutanen Fezzan suka rufe rijiyoyin mai na Sharara, masu iya fitar da ganga 300,000 a rana, a Disambar 2018, suka sake rufewa a Janairun 2024, suna neman mai da lantarki da asibiti da hanya.

Sai kuma ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya addabi ƙasar tun wajen 2016. Ma'aikaci albashinsa na asusu, amma sai ya yi sammako ya bi layi, ƙarshe a ce masa kuɗi bai iso ba. Daga nan aka samu farashi biyu a shago ɗaya. Mai saye ya nuna firji, mai shago ya tambaye shi: da hannu za ka biya ko da caki? Idan da caki ne ko kati, sai a ƙara masa wani abu. Akwai kuma masu karɓar caki su ba da tsabar kuɗi bayan sun yanke kasonsu. Magini ko tela da aka biya da caki, alhali ba shi da asusun banki, a hannun waɗannan yake ƙarewa. Saboda haka tun wajen ciniki ya kamata a tsayar da magana: nawa ne, kuma da me za a biya.

Masu ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa su ma sun ga darasi. Babban Banki ya janye takardar dinari 50 daga kasuwa, wa'adin ƙarshe ya cika ranar 30 ga Afrilu, 2025, daga baya ya bayyana cewa abin da aka dawo da shi ya zarce abin da ke rubuce a littafinsa da fiye da dinari biliyan 3.5. Aka bi da janye takardar dinari 20, wa'adinta ƙarshen Satumba. Canjin ta banki ake yi. Wanda ba shi da asusu dole ya kashe kuɗinsa da wuri ko ya nemi mai asusu ya shigar masa, wanda kuma labari bai same shi ba sai ya wayi gari da tarin takardu. Duk mai tara kuɗin komawa gida ya riƙa sauraron sanarwar bankin, kada ya jibge dukiyarsa a takarda iri ɗaya.

A ofis ko a shingen bincike, ma'aunin mai sauƙi ne. Kuɗin iƙama (izinin zama), takardar lafiya da lasisin shago suna da farashi sananne, ana kuma ba da rasiɗi mai hatimi. Abin da aka karɓa ba rasiɗi, aljihun wani ya shiga, gobe ma za a iya sake nema.

Gida: wa ke da shi?

Rikicin gidaje a Libiya ya samo asali ne daga Doka ta 4 ta 1978, zamanin Gaddafi, wadda ta ce gida na wanda ke zaune a cikinsa ne. Aka hana iyali mallakar fiye da gidan zama ɗaya, aka hana ba da haya, 'yan haya da yawa suka wayi gari masu gida. A 1986 aka ƙona takardun rajistar filaye. A 2006 gwamnati ta kafa kwamitin biyan diyya ga waɗanda aka ƙwace wa kadara, aikin bai kammala ba juyin juya halin 2011 ya zo, aka kuma dakatar da yin rajistar filaye na tsawon shekaru. Sakamakon haka, gida ɗaya na iya samun masu da'awa biyu ko uku, kowa da takardarsa: jikan mai asali, wanda gwamnati ta ba, da wanda ya saya daga hannun na biyun.

A Sabha abin ya haɗu da gidajen gwamnati da kamfanonin waje suka bari ba a gama ba, mutane suka shige, da unguwanni irin Tayuri da suka tashi ba tare da tsarin hukuma ba. A irin waɗannan wurare ne ake yi wa baƙo tayin ɗaki ko fili da araha.

Abu na farko da ya kamata ya sani: tun 1960 dokar Libiya ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili ko gida. Duk wanda ya ce zai sayar wa ɗan Zinder ko ɗan Katsina fili, ko ya ce a saya da sunansa a matsayin amana, ya san ranar da rigima ta tashi mai kuɗin ba shi da bakin magana a gaban alƙali. Na biyu, Doka ta 19 ta 2010 ta tanadi ɗauri ko tarar da ta kai dinari 1,000 da kora ga wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma hukunta mai ba shi masauki. Shi ya sa masu gida da yawa ba sa son rubutu, rashin rubutun kuma shi ke ba su damar ƙara haya a tsakiyar wata, ko su watso kayan mutum waje bayan ya biya na wata shida.

Mai iƙama ya nace a rubuta yarjejeniya: sunan mai gida, kuɗin wata, wa'adi, da wanda zai ɗauki nauyin wuta da ruwa. Wanda ba shi da ita, aƙalla kada ya biya na watanni masu yawa gaba ɗaya, ya biya a gaban shaidu biyu, ɗaya daga cikin dattawan unguwa ko shugabannin al'ummarsa, ya kuma tambayi maƙwabta ko mai karɓar hayar shi ne mai gidan.

Bashin da aka ce ba ruwa

A Janairun 2013 majalisar riƙon ƙwarya ta lokacin ta zartar da Doka ta 1, wadda ta haramta kuɗin ruwa a mu'amalar bashi, ta tanadi ɗauri da tara ga mai karɓa. Ta fara aiki nan take a kan ɗaiɗaikun mutane, kamfanoni aka ba su zuwa farkon 2015, daga baya Majalisar Wakilai ta ɗaga musu zuwa 2020. Niyya ta yi kyau, amma bankuna ba su shirya ba. Bashin gina gida ya ja baya, aka koma murabaha: banki ya sayi mota ko siminti ko kayan ɗaki, ya sayar wa mutum da riba sananniya, ya riƙa cira daga albashi.

Murabaha halal ce a wajen malamai idan an cika sharuɗɗanta, amma ba kyauta ba ce. A misali, mai neman tsabar kuɗi ya karɓi kayan dinari 20,000 da sharaɗin zai biya 24,000 cikin shekaru. Bai ko sauke kayan ba dillali na jiransa a ƙofa, ya saye a 17,000 kuɗi hannu. Ya tafi gida da 17,000, bashin 24,000 na wuyansa. Kafin sa hannu, lissafi uku ake yi: jimillar abin da za a biya, abin da za a riƙa cira duk wata, da abin da zai faru idan albashi ya makara.

Baƙo ba ya ma kaiwa nan, don banki na neman lambar ɗan ƙasa da albashin gwamnati. Nasa bashin a wajen dillalan hanya yake, kuma shi ne mafi haɗari. Tun daga Agadez ake cewa ka hau mota, in ka isa ka biya. A bi ta Dirkou, Madama, Tummo da Gatrun, a sauke mutum a Sabha a wurin da matafiya ke kira gidan bashi. A ƙwace fasfo, a miƙa masa waya ya kira gida, kuɗin da aka yi magana a kai ya ninka, ana lissafa masa abinci da kwana. A Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidar waɗanda aka sayar a Sabha aka tsare su har sai danginsu sun biya fansa. Soke dokar hana safarar baƙin haure da gwamnatin sojan Nijar ta yi a Nuwambar 2023 ya buɗe hanyar, bai rufe waɗannan gidaje ba. Iyaye a Kance, Matamaye, Kano da Daura su sani cewa tafiyar da aka ce ba sai an biya ko sisi ba, gona ko shanu ake sayarwa a ƙarshenta.

Bashi tsakanin 'yan'uwa ma a rubuta shi, kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni, a kuma fayyace da wane kuɗi za a biya. Wanda ya ranta dinari a Fabrairun 2024 aka biya shi a Afrilu ya ga bambanci ranar da ya je canji.

Ina ake kai kuka?

Majalisar Wakilan Libiya da ke zaune yanzu tun Yunin 2014 aka zaɓe ta, zaɓen da aka shirya yi a Disambar 2021 bai yiwu ba. Sabha na da wakilai a cikinta, ɗaya daga cikinsu, Misbah Duma, har ya kai muƙamin mataimakin shugaba na biyu. Ɗan ƙasa na da damar matsa musu lamba a kan mai da gidaje da kuɗin banki, ya kai ƙarar mai shagon da ke tsawwala farashi ga dogaran hukumar birni, wato Haras Baladi, ko ya bi sawun waɗanda suka kai harajin dala kotu.

Baƙo ba shi da ƙuri'a, amma ƙofofi ba su rufe duka ba. 'Yan Nijar na da ƙaramin ofishin jakadanci a Sabha, 'yan Najeriya nasu ofishin na Tarabulus, Hukumar Kula da Ƙaura kuma na da shirin mayar da wanda ya gaji gida bisa raɗin kansa. Duk inda mutum ya nufa, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. Ya ɗauki hoton fasfo, iƙama, rasiɗin haya da takardar bashi da wayarsa, ya tura wa wani amintacce a gida tun ranar da ya karɓe su.