Daga Birnin Kebbi Zuwa Mungadi: Ina Buhun Tallafi Ke Maƙalewa?

Daminar 2020 ta bar tabo a Jihar Kebbi. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000, har da fadamun Jega, ya karya gadoji, ya rusa gidajen ƙasa. Bayan irin wannan masifa abin da ke biyowa sananne ne: jaje, alƙawari, sai motocin hukumomin agajin gaggawa, NEMA da SEMA, ɗauke da shinkafa da barguna da gidan sauro.

Sai dai a ƙasar nan, tun kafin mota ta tashi ake yin aika-aikar, wato wajen rubuta sunaye. Wanda ɗakinsa ya faɗi yana can yana tono kwanukansa daga cikin laka, bai ma ji an zo ƙirga ba. Mai uwa a gindin murhu kuwa ya shigar da kansa da matarsa da ƙanensa da ke zaune a birni. Ranar rabo sai a farke buhu guda, a auna wa gida goma da mudu, a ɗauki hoto, a watse. Sauran buhunan? A tambayi kasuwa.

Zargin yana da tushe. A Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas, suka tarar da abincin tallafin korona na CACOVID jibge. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, kan umarnin tura naira miliyan 585 asusun wata ma'aikaciya.

Maƙwabta a Zamfara sun ga amfanin sa ido. Gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a 2010, kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega kuma suka maƙale a Abuja. Hamzat Lawal da abokansa suka kafa Follow The Money a 2012, suka yi ta kwakwazo a intanet da jaridu, har gwamnati ta saki kuɗin a farkon 2013. Makaminsu tambaya ce: nawa aka ware, yana hannun wa?

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukuma irin NEMA wannan tambaya, ta amsa cikin kwana 7. Ƙungiyar matasa a Mungadi ko Aliero ba ta buƙatar lauya don haka. Amma ita ma sai ta wanke hannunta. Shugaban ƙungiyar da ya karɓi buhu biyu a ɓoye ya rufe bakin kowa.

Don haka kafin damina ta sake kamawa, limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata na Mungadi su tsaya kai da fata: a karanta sunayen masu karɓar tallafi bayan sallar Juma'a, a liƙa su a ƙofar hakimi, a ƙirga buhuna a gaban jama'a kafin direba ya juya.