Motar Manya ta Zamani da Hanyoyin Ƙasar Kurfai

Motar manya ita ce doguwar mota mai ƙofa huɗu wadda ake ƙerawa domin shugabannin kamfanoni, manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai. Tsawonta yakan kusa mita biyar, kuma an fi kula da kujerar baya, domin sau da yawa mai ita a can yake zama, direba na tuƙi. Jamusawa ne suka fi riƙe wannan kasuwa. Audi ya fito da samfurin 100 a 1968, wanda ya koma A6 a 1994, BMW ya fara jerin 5 a 1972, Mercedes-Benz kuwa, wato Marsandi, ya raɗa wa tasa suna E-Class a 1993, ko da yake zuriyarta ta girmi sunan nesa ba kusa ba.

A ƙasar Hausa Peugeot, wato Fijo, ta daɗe tana matsayin motar ofis. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975. A zamanin mulkin Seyni Kountché, ɗan Fandu a yankin Filinge, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, 504 da ƙanwarta 505 sun cika ma'aikatu. Marsandi samfurin W123, da aka shiga sayarwa a 1976, ita ce ta alhazai. Dukkansu ƙarfe ne zalla: bakanike na buɗe bonet ya saurari inji, ya gane ciwon, ya gyara da sifana.

Abin da ya fi canzawa tun daga lokacin shi ne kariyar rai, kuma a nan motar manya ta yi wa kowa amfani, domin a jikin masu tsada ake fara gwada fasaha kafin ta sauko kan ƙananan motoci. A 1959 Volvo ya kawo bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, Mercedes kuma ya fito da mota mai gaba da baya da ke lanƙwashewa a karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga mutanen ciki. Birkin ABS ya zo a 1978. Aikinsa shi ne ya riƙa kama taya yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don kada ta ƙage motar ta ja, direba kuma ya ci gaba da juya sitiyari. Jakar iska ta biyo baya a Marsandi a 1981, sannan a 1995 aka sami na'urar da ke taka birkin taya guda ita kaɗai idan mota ta fara karkacewa a kwana.

Motar manya ta yau kuwa rabinta kwamfuta ce. Giyarta mai canza kanta ce, hawa takwas ko tara. Kyamara da na'urar radar suna auna tazarar motar da ke gaba, suna iya taka birki idan direba ya yi gyangyaɗi. Akwai masu haɗa fetur da batir, akwai masu lantarki kaɗai, kamar BMW i5 ta 2023.

Sai dai duk wannan an tsara shi ne don shimfiɗaɗɗen titin Turai. Daga Yamai zuwa Filinge da ke ƙasar Kurfai, ta Balleyara da Bonkuku, kimanin kilomita 180 ne na kwalta, kuma motar za ta sha su ba gajiya. Da an sauka zuwa ƙauyukan Dallol Bosso, labari ya sha bamban. Cikinta bai ɗaga daga ƙasa fiye da taƙi guda ba, sai ta kwanta a rairayi tayoyi na juyawa a banza. Siraran tayoyinta ba sa jure dutse. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana rufe idon kyamara, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana kashe batir da wuri. Injin gazuwal na zamani yana son mai tsaftatacce ƙwarai, na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya kan lalata masa allurai. Idan fitila ta kama a allo, dole sai an sami mai kwamfutar bincike, galibi a Yamai. Kayan gyara ma sun ƙara nisa tun da aka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023, hanyar da motocin hannu daga Kwatano suka saba bi.

Shi ya sa Toyota Land Cruiser, wadda kowa ke kira V8, ta gaje kujerar. Tana da sanyi da kujerun fata irin na Marsandi, ga tsayi, ga tayoyi huɗu masu ja. Sunan ya bi ta har yanzu, duk da cewa samfurin 300 da ya fito a 2021 injin V6 gare shi. Ga wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Kurfai, mota mai tsayi wadda bakaniken gari ya san cikinta ta fi ta alfarma amfani.